Nana Asma'u: Malamar Da Ta Ɗinke Ɓarakar Yaƙi

An haifi Nana Asma'u a Degel cikin shekarar 1793. Ita 'yar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ce, tagwaye suke da ɗan'uwanta Hassan. A gidan mahaifinta ta yi karatu, har ta ƙware a Larabci da Fulatanci da Hausa. Da ta girma aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, wanda daga baya ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Nana ta tashi cikin yaƙi. Tana da shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa da gudu da mutuwar dangi. A 1808 aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, wanda kufansa ke arewa da Shinkafi. Cikin waɗanda suka yi wannan yaƙi har da Namoda, shugaban Alibawan Zurmi, wanda garin Ƙaura ke amsa sunansa. Ashe ke nan tarihin nan ba na nesa ba ne, a ƙasarmu aka yi shi.

To, an ci yaƙi, amma zukata ba su haɗu ba. Ƙasa ta cika da marayu da matan da mazansu suka mutu, ga kuma ɗimbin mata da aka kamo aka zuba a gidaje da ƙauyuka, yawancinsu ba su san karatu ba. Nana ta lura takobi ba ya iya mai da irin waɗannan mutane jama'a guda. Sai ta kama hanyar ilmi.

Abu na farko, ta shiga rubuta waƙoƙin koyarwa da Hausa, watau harshen talakawa da na waɗanda aka ci da yaƙi. Ta fassara waƙar mahaifinta, Tabbat Haƙiƙa, daga Fulatanci zuwa Hausa, wadda a ciki ake gargaɗin masu mulki game da zalunci. Da haka Bagobira da Bazamfara suka ji da kunnensu cewa shari'a ba ta bar mai sarauta ya ci haƙƙinsu ba.

Abu na biyu, ta kafa 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali daga kowane ƙauye ta naɗa ta jaji, ta sa mata malfa da jan ƙyalle. Jaji ita ke jagorantar tsofaffi da 'yan mata zuwa wurin Nana, su hardace waƙoƙi, sa'an nan su koma gida su koya wa matan aure da ba su iya fitowa. Ana koya musu salla da tsarki, da haƙuri, da gaskiya, da kyautata wa maƙwabci. Sadakar da suka kawo ta hatsi ko zuma ko man shanu kuwa, Nana takan raba wa mabukata. Abin lura, kafin jihadi shugabar mata a Gobir, watau Inna, ita ma tana sa malfa. Nana ba ta wulakanta wannan alama da mutane suka saba girmamawa ba, sai ta ɗora ta a kan malamai.

Allah ya yi mata rasuwa a 1864, aka rufe ta a Hubbaren Shehu a Sakkwato. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

'Yan'uwana ɗalibai, da ku iyayenmu, yau ma ɓaraka ta shiga tsakanin manoma da makiyaya a ƙasar Zamfara. An ƙone ƙauyuka, kuma a 2021 an sace 'yan mata daga makarantar Jangebe, har aka rufe makarantu. Amma a ɗakin kwananmu ɗan Bahaushe da ɗan Bafulatani gado na kusa da gado, kwano ɗaya muke ci. Idan aka yi hutu kowa ya koma garinsu da abin da ya koya na zama da ɗan'uwansa, to, kowannenmu ya zama jaji. Mu daina jifan juna da sunan ƙabila, iyaye kuma kada su cusa mana ƙiyayya, kada su hana 'ya'ya mata karatu. Allah ya ji ƙan Nana, ya ba ƙasarmu lafiya, amin.