Abebe Bikila: Gwarzon Gudun Yada-Ƙanin-Wani

An haifi Abebe Bikila a ƙasar Habasha cikin 1932, ya kuma yi soja cikin dogaran Sarki Haile Selassie. A wasannin Olimfik na 1960 a birnin Rum, ya shiga gudun yada-ƙanin-wani ba takalmi. Ya jera da Rhadi, mutumin Maroko, har suka iso hasumiyar Aksum, wadda Italiyawa suka ɗauko daga ƙasarsa cikin 1937. Daga nan ya saki ƙafa, ya ci zinariya. Ya sake cinyewa a Tokyo cikin 1964, makonni kaɗan bayan an yi masa fiɗa. Haɗarin mota ya shanye masa ƙafafu cikin 1969, ya rasu cikin 1973.