Mazan Jiya: Malam Sa'adu Zungur, Wa Zai Ɗauki Rigarsa?

A wannan fitowa za mu waiwaya gida Bauchi, Zungur, wadda sunanta ya zaga duniya albarkacin mutum guda. A ƙasashen Turawa in mawaƙi ya shahara ya rasu, sai a nemo gwanin ɗan wasa ya fito a matsayinsa, kamar yadda Jamie Foxx ya fito a Ray Charles a 2004 har ya ci Oscar. To mu fa? In aka tashi yin fim ɗin Malam Sa'adu, wa za a ba? Kafin a yi gardama, gara 'ya'yanmu da aka haifa nan zango su san mutumin tukuna.

Malam Sa'adu ya tashi a gidan malamai, ya sha Alƙur'ani da fiƙihu da Larabci tun yana ƙarami. Ya yi makarantar lardi ta Bauchi, ya wuce Kwalejin Katsina, sannan a 1934 ya shiga Babbar Kwalejin Yaba a Ikko, ɗan Arewa na farko da ya taka ta. Bai ƙarasa ba. Ya koma fannin duba-gari, ya koyar a Zariya, can kuma ya fara tara samari 'yan boko suna tattauna halin ƙasa. Ciwon ƙirji ne ya maido shi gida.

Sai dai ciwon bai hana baki magana ba. A 1943 aka kafa zauren muhawara na Bauchi, inda yake zama da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da maganar ta fara taɓa mulkin En'e, hukuma ta ga abin ya fi ƙarfin hira, zauren ya mutu. A 1948 ya sake komawa Ikko, ya zama sakataren NCNC ta Azikiwe. Wannan ya shafe mu: shi ma ya ɗanɗana zaman baƙunta a Kudu, ya san yadda ake kallon ɗan Arewa a nan. Bai daɗe ba ya ajiye muƙamin ya koma, kuma da aka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, tunaninsa na cikin abin da aka gina ta a kai.

Mawaƙi ne, amma ba na kalangu ko kotso ba. Rubutawa yake yi, a rera. Maraba da Soja ya yi ta ne don sojojinmu da suka dawo daga yaƙin Bama. Waƙar Bidi'a ta caccaki al'adun da aka cusa cikin addini. Babbarsu, Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, gargaɗi ce ga sarakuna su gyara tun da wuri, su dubi abin da ya sami takwarorinsu na Indiya. Mutane da yawa suna zaton rushe sarauta yake so. A'a, gyara yake nema, sai dai harshensa kaifi gare shi. Ya rasu a Bauchi ran 28 ga Janairu 1958, bai ga 'yancin kai ba. Allah ya jiƙansa.

Yanzu ga wuyar aikin. A ganinmu suna kaɗai ba zai wadatar ba, ko da jarumin ya cika kasuwa. Ana bukatar wanda zai ja aya ba tuntuɓe, ya juya ya yi wa Razdan Turanci, sannan ya rera baiti da numfashin mai ciwon ƙirji ba tare da kari ya karye ba. Wanda ya saba da rawa da waƙar soyayya sai ya koma gaban malami ya durƙusa tukuna.

Ba kuwa abin da ba a taɓa yi ba ne. A 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin Tafawa Ɓalewa, Shaihu Umar, ya zama fim, Umaru Ladan ya fito a Shaihun. Shi Umaru Ladan ya riga ya zauna da littafin, shi da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo kafin a ɗora masa rawani. Mai son rigar Malam Sa'adu ma ga inda zai fara: littafin Ɗandatti Abdulƙadir na 1974, da dattawan Zungur da suka ji yadda ake rera waƙoƙin.