Garinsha, mai karkatattun ƙafafu

A ƙasar Birazil, can hayin teku, akwai wani ƙaramin gari a gindin duwatsu mai suna Pau Grande. Ba shi da nisa da babban birnin Riyo. A nan aka haifi Manuel Francisco dos Santos a watan Oktoba na shekarar 1933. Iyayensa talakawa ne.

An haifi yaron da karkatattun ƙafafu. Ɗaya ta lanƙwashe ciki, ɗaya ta lanƙwashe waje, kuma ɗaya ta fi ɗaya tsawo da santimeta 6. Duk wanda ya gan shi sai ya ji tausayinsa. Shi kuwa ko a jikinsa. Kullum yana daji, yana harbin tsuntsaye, yana kamun kifi a rafi. Yayarsa ce ta laƙaba masa suna Garinsha, sunan wani ɗan ƙaramin tsuntsu na ƙasarsu. Sunan ya bi shi har ya danne na yanka.

Karatu bai dame shi ba. Yana da shekara 14 ya shiga aiki a masaƙar garinsu. Can ma ba a yaba aikinsa ba, amma masaƙar tana da ƙungiyar ƙwallon ƙafa, kuma a fili babu kamarsa.

A shekarar 1953 aka kai shi Riyo don ƙungiyar Botafogo ta gwada shi. Aka haɗa shi da Nilton Santos, wanda ke tsaron baya a ƙungiyar ƙasa. Ɗan ƙauyen nan ya zura masa ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, ya wuce abinsa. Nilton bai yi fushi ba. Shi ne ma ya ba da shawara a ɗauki yaron, don ya ga gara su zama ƴan gida ɗaya da su zama abokan karawa. A wasansa na farko Garinsha ya jefa ƙwallo uku a raga.

Gefen dama yake bugawa, da lamba 7 a bayan rigarsa. Dabararsa ɗaya ce, kowa ya san ta. Sai ya tsaya cik da ƙwallo a gaban mai tsaro. Ya yi kamar zai tafi, ya fasa. Ya sake yi, mai tsaro ya karkata, shi kuwa ya fyalle ta dama. An sani, amma an kasa tare shi, domin ƙafafun nan ba sa nuna inda za su nufa. Wani lokaci idan ya wuce mutum, sai ya tsaya ya jira shi, ya sake yanke shi. Ƴan kallo su yi ta dariya. Shi ya sa suka yi masa kirari da Farin Cikin Jama'a.

A 1958 aka yi gasar cin kofin duniya a ƙasar Suwed. Ba a sa shi cikin wasanni biyu na farko ba. A na uku aka sa shi tare da wani yaro ɗan shekara 17 mai suna Pele. A wasan ƙarshe Suwed ce ta fara ci. Sau biyu Garinsha ya tsere ta gefe ya miƙa wa Vava, sau biyu Vava ya jefa a raga. Birazil ta ci 5 da 2, ta ɗauki kofin karo na farko.

Bayan shekara huɗu aka tafi ƙasar Shili. Pele ya ji ciwo tun a wasa na biyu, mutanen Birazil suka shiga zullumi. Sai Garinsha ya ɗauki nauyin. Ya ci Ingila biyu, ya ci Shili biyu. Wasan ƙarshe da zazzaɓi a jikinsa ya buga shi, kofi ya sake komawa Birazil. Wasa 50 ya yi wa ƙasarsa, sau ɗaya tak aka cinye su yana cikin fili, a 1966. Shi da Pele kuwa, ba a taɓa cinye su suna tare ba.

Amma Garinsha yana shan giya ƙwarai, kamar yadda mahaifinsa ya yi. Kuma bai iya riƙon kuɗi ba. Gwiwarsa ta lalace, aka yi ta yi masa allura don ya buga wasa, har aka yi masa aiki a 1964. Daga nan gudunsa bai komo ba. Ya bar Botafogo, ya yi ta yawo daga wannan ƙungiya zuwa waccan. A 1973 aka shirya masa wasan bankwana a filin Marakana don a tara masa abin hannu.

Giya ta cinye hantarsa. Ya mutu a Riyo ran 20 ga Janairu 1983, yana da shekara 49, ba shi da komai. Aka ajiye gawarsa a Marakana, dubban mutane suka zo bankwana. Daga nan suka raka shi har garinsu, aka binne shi. Babban filin ƙwallo na Biraziliya, babban birnin ƙasar, sunansa aka sa masa.