Marie-Adelaide, gimbiyar da yaƙi ya raba da gadon sarauta

Labarin da ya tsaya min a rai wannan makon na wata gimbiya ce ta Luxembourg, 'yar ƙaramar ƙasar nan da ke maƙale tsakanin Jamus, Faransa da Beljiyam. Mahaifinta William na Huɗu 'ya'ya shida ya haifa, duk mata, shi ya sa a 1907 aka gyara dokar gado. Da ya rasu a 1912, babbarsu Marie-Adelaide ta gaje shi tana shekara 17. Mahaifiyarta Marie Anne, gimbiyar Fotugal da aure ya kawo gidan, ita ta riƙe mata mulki har ta cika 18.

Ana nan sai yaƙin 1914, sojojin Jamus suka mamaye ƙasar. Ta karɓi baƙuncin Sarkin Jamus, abin da da yawa ba su yafe mata ba ke nan. Ni dai ina ganin an tsananta mata. Yarinya 'yar shekara 20, ƙasarta ba rundunar a zo a gani, ya za ta yi?

A Janairun 1919 ta yi murabus, ƙanwarta Charlotte ta hau. Ta shiga gidan mata masu ibada a Modena ta Italiya, amma lafiya ta ƙi. A 1924 ta rasu a Jamus tana shekara 29. Charlotte kuwa sai 1964 ta sauka.