LIKITA STIRRETT, BATURE MAI MAGANI

A wani taro da muka yi a Gusau, wani saurayi daga wajen Tsafe ya same ni bayan sujada, ya gaya mani abin da ke damunsa. Shekara biyu ke nan zuciyarsa tana jansa zuwa aikin bishara, amma yana tsoro. Yana da ɗan shago a kasuwa, iyayensa sun tsufa, hanyoyin ƙauyukanmu kuwa kowa ya san yadda 'yan bindiga suka mai da su. Babban tsoronsa kuma shi ne kada ya zama ba Allah ne ya kira shi ba, zuciyarsa ce kaɗai ta ke ruɗinsa. Tun ran nan na ke tunanin wani mutum wanda shi ma mai-shago ne, na ga ya kamata in ba masu-karatu labarinsa.

Sunansa Andrew Park Stirrett. An haife shi a ƙasar Kanada cikin shekara ta 1865. Ya koyi aikin haɗa magani, ya buɗe shagunan sayar da magani guda biyu a birnin Toronto, ciniki kuwa ya yi albarka. Har wa yau yana karatun likita a kan wannan. Kadan an dube shi da idon duniya, mutum ne wanda ya riga ya zauna da gindinsa, ba abin da ya rage sai ya tsufa cikin wadata.

Yana wajen shekara 37 sa'anda wani ɗan littafi ya shiga hannunsa, wanda Rowland Bingham ya rubuta a kan ƙasar Sudan. A zamanin nan Sudan ba ƙasa ɗaya ba ce, sunan da a ke kiran dukan ƙasashen baƙar fata ne da ke kudu da hamada, har da ƙasar Hausa. Littafin ya nuna yawan mutanen da ke nan, da rashin mai-kai masu labarin Almasihu. Stirrett bai ga wahayi ba, bai ji murya daga sama ba. Karatu ya yi, nauyin abin ya sauka a zuciyarsa, ya ƙi tashi.

Sai mu duba abin da ke gabansa, gama ba za mu gane mutumin ba sai mun san abin tsoron da ya ke kallo. Cikin Disamba 1893 samari uku suka sauka Ikko, su ne Walter Gowans, da Thomas Kent, da Bingham. Wani babban ma'aikacin mishan a can ya gaya masu a fili ba za su taɓa ganin Sudan ba. Kafin shekara ta 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, cikin ƙasar Zazzau, Kent kuma ya rasu a Bida. Bingham kaɗai ya koma gida, da ciwo a jikinsa. A 1900 ya sake tasowa da waɗansu biyu. Zazzaɓi ya kwantar da shi a Ikko, aka mayar da shi, abokan nan nasa kuma suka karaya suka bi bayansa. Sai a karo na uku aka sami wurin zama a Patigi, a bakin Kwara, cikin ƙasar Nupe. Wannan ita ce ƙungiyar da Stirrett ya ke so ya shiga: kaburbura biyu, da tafiya biyu da suka lalace, da aljihu wofi. Samari ƙarfafa ne zazzaɓi ya kayar, balle mutumin da ya doshi arba'in.

Shugabannin mishan ma ba su yi saurin karɓarsa ba. Ga wanda ya ke neman hujjar zama gida, wannan ta isa. Sai ya ce Allah ya rufe ƙofa, ya koma shagonsa da lamiri kwance. Stirrett ya sayar da shagunan, ya ba da dukiyarsa domin aikin, ya shiga jirgin ruwa mai-ɗaukar shanu zuwa Ingila. Attajiri cikin warin shanu! A Libaful ya tsaya ya ƙara koyon cututtukan ƙasashen zafi. Daga baya aka yarda a karɓe shi bisa ga gwaji, ya iso Patigi cikin 1902. Mu tuna, a lokacin Turawa ba su ci Kano da Sakkwato ba tukuna, sai a 1903.

A nan ina so in ɗan dakata, domin kada wani saurayi ya karanta wannan ya tashi gobe ya sayar da gonar ubansa. Stirrett ba ya da mata, ba ya da 'ya'ya, bai kuwa yi aure ba har mutuwarsa. Mai-iyali da tsofaffin iyaye yana da hakki a wuyansa wanda Littafi Mai-Tsarki bai yarda ya yar ba. Ban da haka, ku lura bai yi fushi da shugabanni ya kafa tasa ƙungiya ba. Babban mutum mai-ilimi ya yarda a gwada shi tamkar yaro, ya zauna ƙarƙashin waɗansu har suka gamsu. Ni a ganina wannan ya fi sayar da shagunan wuya. Tabbacin da saurayin Tsafe ya ke nema tun kafin ya ɗaga ƙafa, Stirrett bai same shi a Toronto ba. A cikin tafiya ya same shi, kaɗan kaɗan, ta wurin aiki da shaidar 'yan'uwa. Musa ma ya kawo hujjojinsa a gaban kurmi mai-cin wuta, Gidiyon ya shimfiɗa ulu har sau biyu, Ubangiji kuwa bai kore su ba saboda haka.

Ba gaba gaɗi na wauta ya yi ba kuma. Ya san zazzaɓi ne ya kashe na gabansa, saboda haka ya riƙe shan kwini kullum, yana matsa wa abokan aikinsa su yi haka, har ya rubuta ɗan littafin magani domin ma'aikatan da ke nesa da asibiti. Bangaskiyarsa ba ta hana shi haɗiye magani mai-ɗaci ba.

Daga Patigi ya koma Wushishi, kusa da Zungeru. Gwamnatin Turawa ta hana masu-bishara zama cikin manyan biranen sarakunan Musulmi, wannan hani kuwa ya daɗe. Amma fatake suna sauka zango a Wushishi da jakunansu, mutanen Kano da Katsina da Zamfara. Tun da shi ke ba shi da iko ya tafi garuruwansu, sai ya riƙa zuwa zango yana yi masu wa'azi da Hausa, yana duba marasa-lafiya. Nan da can sunan Bature Mai Magani ya bi hanyoyin fatauci, ya kai inda ƙafarsa ba ta kai ba. Ƙaunarsa ga Hausawa ba ta ɓoyu ga kowa ba.

Daga baya ya zauna a Jos, inda haƙar kuza ta tara mutane daga kowace kusurwa. Shekara da shekaru yana fita kasuwa da babban hoto a hannu, yana ba da labarin Mai-ceto ga duk wanda ya tsaya. Yana cikin waɗanda suka yi aikin juya Littafi Mai-Tsarki zuwa Hausa, tare da Likita Miller na Zariya da waɗansu, aka buga shi cikakke a 1932. Yana da hannu kuma cikin littafin waƙoƙin da mu ke rairawa a sujada.

Cikin shekarun 1930 ne ƙofa ta soma buɗewa a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, ta wurin aikin jinyar kutare a Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. Ya yi jiran wannan fiye da shekara talatin, ya kuwa gan shi da idonsa, ko da shi ke tsufa ya riga ya kama shi. Ƙungiyar nan tasa, watau S.I.M., ita ce ta zauna a Gusau da Tsafe da Bungudu, daga cikin aikinta kuma ekklesiyar E.C.W.A. ta fito a 1954.

Wannan kam bai gani ba. Ya rasu a Jos cikin Yuli 1948, yana da shekara 82. Mutumin da aka karɓa bisa ga gwaji ya yi kusan shekara 46 cikin aikin.