Albert Schweitzer, likitan da ya ceci tsofaffin ogan

An haifi Albert Schweitzer a yankin Alsas a 1875. Kafin ya yi suna a likitanci, makaɗin ogan ne, wato babban abin kiɗan coci mai bututaye da iska ke busawa. A zamaninsa majami'u na cire tsofaffin ogan suna sayen na masana'anta. Ya soki wannan ɗabi'a a rubuce a 1906, ya kuma tsaya kai da fata har aka gyara wanda Silbermann ya ƙera a majami'ar Saint-Thomas ta Strasbourg.

Kuɗin kiɗansa sun tallafi asibitin da ya kafa a Lambarene, ƙasar Gabon, a 1913. Sai dai can masu suka sun zarge shi da ƙin zamanantar da asibitin, da kuma ɗaukar 'yan Afirka tamkar yara. A garin ya rasu a 1965.