Gotama Buda: Ɗan Sarkin da Ya Bar Gidan Ubansa

Mu mutanen Daura mun san labarin Bayajida, ɗan sarkin da ya bar Bagadaza, ya zo ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu, ya sami sarauta. Ga labarin wani ɗan sarki kuma, wanda ya bar sarauta domin neman hutawar rai.

Sunansa Siddarta Gotama. An haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nefal ta yanzu, wajen shekara 500 kamin haihuwar Almasihu. Ubansa Suddodana shi ne shugaban kabilar Sakiya. Mabiyansa sun ce uban ya tsare shi cikin fada, don kada ya ga wahala ko kaɗan. Ya yi aure, ya haifi ɗa mai suna Rahula.

Wata rana ya fita gari, sai ya ga tsoho, ya ga majinyaci, ya ga an ɗauko gawa. Daga baya ya ga wani mai zuhudu yana bara da kwanciyar rai. Abin ya hana shi barci. Yana da shekara 29 ya tashi da dare, ya bar matarsa da ɗansa, ya shiga daji.

Shekara 6 yana horon jikinsa da yunwa, har ya kusa mutuwa, amma bai sami abin da ya ke nema ba. Sa'an nan ya ci abinci, ya zauna a gindin wani itace dangin ɓaure a Bod Gaya ta ƙasar Indiya, yana zurfin tunani. Can ne, in ji su, ya waye. Shi ya sa a ke ce da shi Buda, wato wanda ya farka.

Ya fara wa'azi kusa da birnin Banaras ga mutum 5. Ya koyar cewa zaman duniya wahala ne, tushenta kuwa kwaɗayi. In kwaɗayi ya mutu, wahala ta ƙare, wannan ne Nirbana. Hanyar zuwa can tana da rassa 8, cikinsu har da faɗin gaskiya, da sana'ar kirki, da tsare tunani. Bai koyar da dogara ga Mahalicci ba, sai dai kowa ya yi ƙoƙarin kansa. Ya shekara 45 yana yawon koyarwa, ya mutu a Kushinagar yana da shekara 80.

Ɗan'uwa, kada mu raina mutumin nan. Ya bar gadon sarauta saboda tambayar da yawancinmu ba mu ko tsaya yi ba. Amma inda muka rabu da shi ke nan: shi ya ce mutum ya hau da ƙarfin kansa, Bishara kuwa ta nuna mana Allah ne ya sauko wurinmu cikin Yesu Almasihu. Mu da muka karɓi ceto kyauta, me muka bari dominsa?